Fim ɗin 'Yan Tsana da Ɗiyata ta Fari

Tun ranar da aka yi sunan ɗiyata ta fari nake ɗauke da tsoro guda, ban kuma taɓa faɗa wa kowa ba. Tsoron shi ne wata rana uwar mijina za ta ce a bar mata yarinyar a Argungu, ni kuwa ba zan iya buɗe baki in ce a'a ba.

Wanda bai tashi a irin gidajenmu ba zai ce mene ne abin wahala a cikin a'a. To a Ambursa inda na tashi, mace ba ta nuna ɗan fari. Ba ki kama sunansa, ba ki yi masa wasa a gaban manya. In ya faɗi ya fasa baki a gaban surukai, sai ki kau da kai kamar ɗan maƙwabta ne, wata ta ɗaga shi. Haka uwata ta yi wa yayanmu, har ya yi gemu ban taɓa jin sunansa a bakinta ba. Ni ma haka na taso na yi. "Ke" nake ce mata, ko "yarinyar nan". In mun shiga ɗaki daga ni sai ita, nakan shinshina kanta, in taɓa wuyanta in ji ko da zafi, in duba tsakanin yatsun ƙafarta. Da an yi sallama sai in ture ta gefe.

Muna zaune a Birnin Kebbi, gidan haya a bayan unguwar Gesse, ɗaki ɗaya da 'yar rumfa. Maigidana keke yake ja, mai ƙafa uku. Ɗan masunta ne, mutanen Argungu, amma ya bar ruwa ya kama titi tun kafin ya aure ni. Ni kitso nake yi a rumfar nan. Lokacin da abin nan ya faru yarinyar tana wajen shekara huɗu, ga kuma goyon ƙanenta a bayana.

In na kama kan mace, hannuna biyu sun tafi ke nan sai na gama. Yarinyar kuwa ba ta zama. Yanzu tana bakin rijiya, yanzu ta leƙa titi inda babura ke wucewa kamar an koro su. Kullum gabana faɗuwa yake, ina tsaga kai ina waige, har wata ta taɓa ce mini, "Baiwar Allah, kaina kike kitsawa ko ƙofar gida?" Shi ya sa na roƙi maigida ya kai wayata wurin mai tura fina-finai na bakin titi, a zuba wa yarinyar na yara. Mutumin ya tattara duk abin da ba mutane ne a ciki ba, na zane da na 'yan tsana, ya zuba wuri ɗaya. Ni ma da ni ce haka zan yi. A sanina, duk fim ɗin da aka yi da 'yar tsana na yara ne.

Da farko na samu sauƙi. Takan zauna a tabarma kusa da ƙafata, waya a cinya, tana ƙyalƙyala dariya. Sai na lura akwai guda ɗaya da in ta kunna ba ta dariya, ba ta ko motsi. Takan riƙe wayar da hannu biyu dab da fuska, baki a ɗan buɗe. Ina jiyo kiɗan daga inda nake, siriri, mai sanyi, kamar ana jan goge daga nesa, sai ƙarar ɗigon ruwa, ɗis, ɗis. Na ce a raina ai gara wannan, ba hayaniya.

Wata magariba na nemi robar wankan jariri na rasa. Na same ta a bakin ƙofar ɗaki, yarinyar na tsugune kusa da ita.

"Ke, me roba take yi a nan?"

"Ta Baba ce."

"Baba ne zai yi wanka a robar jariri?"

"In ya zo ya tsaya a ciki. Kar ya jiƙa ɗaki."

Na yi dariya na ɗauke robar. Washegari ta mayar da ita. Kullum rana ta yi ja sai ta jawo ta, in babanta ya shigo kuma ba ta ruga masa kamar da, sai ta matso a hankali ta taɓa ƙafar wandonsa, ta duba tafin hannunta. In a bushe yake sai ta saki jiki ta haye shi.

Damina ce. Ranar da ruwa ya kama shi a hanya, ya shigo sharkaf, riga ta manne a jiki, ruwa na bin gemunsa. Ina hura gawayi a murhu. Yarinyar ta ƙwalla wata ƙara da ban taɓa jin irinta a bakinta ba, ta ruga ta tsaya tsakaninsa da murhun, ta ware hannuwa.

"Kar ka zo wurin wuta! Za ka fashe!"

Ya miƙa hannu zai ɗauke ta, ta ja da baya. Daga ranar ta ƙi wanka. In na kawo ruwa sai ta sandare, ta riƙe ƙafar gado. Sai dai in jiƙa tsumma in goge ta tana kuka.

Maigida ya ce, "Wai mi ka damun ɗiyag ga? Ke ad da ita wuni."

Ni ke da ita wuni, gaskiya ne, ban kuma san abin da take kallo ba. Da safe, tana barci, na zauna na bi fina-finan ɗaya ɗaya har na ji wannan kiɗan. Ban yi nisa ba masu kitso suka fara zuwa, sai na jingina wayar a jikin kwalbar man kitso muka kalla tare. Mu huɗu ne: ni, da wata ma'aikaciyar sakatariya da nake wa kitso duk ƙarshen mako, da dattijuwar gidanmu mai sayar da kayan miya, da 'yar maƙwabta da ke karatu a poli.

Wani gari ne da rana ba ta fitowa, kullum kamar bayan la'asar sakaliya da hadari. Gidaje dogaye, sirara, duk sun karkace kamar za su faɗa wa juna. Hankaki ko'ina. A bakin wani baƙin ruwa akwai gida ɗaya, wata mata a ciki, 'yar tsana ce, siririya kamar tsinke, idanu manya an zagaye su da baƙi. Sana'arta kyandir, gidan cike da su suna ci. Akwai mai fito da ke sonta, kullum yana wucewa da jirginsa yana ɗaga mata hula. Sai iska ta kifar da jirgin. Aka tsamo hular, shi ba a gan shi ba.

Daga nan kullum magariba sai ya dawo. Yakan tsaya a bakin ƙofarta, fuska fara fat, ciyawar ruwa a gashinsa, ruwa na ɗiga daga hannun rigarsa, wani ɗan kifi na leƙowa daga aljihu. Ita kuma sai ta kawo kwano ta sa ya tsaya a ciki. In ya matso kusa da kyandir sai fuskarsa ta fara tsagewa kamar ƙasar fadama da rani. Saboda haka ta shiga kashe kyandiran nan, yau wannan, gobe wancan, don ya samu ya ƙara taku ɗaya zuwa ciki. A ƙarshe gidan ya yi duhu, ruwa ya shigo har idon sawu, suna riƙe da juna suna juyawa a hankali. Sai aka nuno jirgi yana tafiya a kan ruwa ba kowa a ciki. Shi ke nan.

Ba fassara, ba mai bayani.

Dattijuwar ce ta fara magana. "A'uzu billahi. Gunki na tahiya da ƙahwatai, ku kuna zamne kuna kallo. Wanga ai tsahi ne."

Ma'aikaciyar ta ce, "Haba Iya, soyayya ce fa. Amma dai ba ta yara ba ce, wannan na manya ne. Wa ya ba yarinya wannan?"

Na sunkuyar da kai na ci gaba da tsaga. Na tambaye ta, tunda tana jin Turanci, me suke cewa. Ta ce ta hanci suke magana, rabi ta kama, kuma yawanci waƙa ce. "Abin da na gane dai, yana ce mata sanyi yake ji."

"To ya tahi ya ji sanyinai can," in ji dattijuwar. "Mamaci da yawon dare."

'Yar poli ta ce ba tsafi ba ne. Ta ce 'yan tsanan ƙanana ne, ba su fi tsawon hannu ba. Mutum ne ke ɗan motsa su kaɗan, ya ɗauki hoto, ya ƙara motsawa, ya ƙara ɗauka, in aka jera hotunan da sauri sai ka ga kamar tafiya suke. Ta ce ɗaga hannu kawai sai ya ci wa mutum wuni.

Dattijuwar ta dube ta sama da ƙasa. "Wuni guda? Shi wanga mutum ba ya da gona?"

Aka kwashe da dariya. Ma'aikaciyar ta ce ita matar ce ma ta ba ta haushi. "Ki kashe sana'arki kaf saboda namijin da ba ya shigo miki da cefane, sai ruwa? Ni da tsintsiya zan raka shi." 'Yar poli ta ce a'a Anti, ke ba ki ga yadda take kallonsa ba. Suka yi ta yi, wannan ta ce matar ta bi shi ruwa, waccan ta ce a'a, shi ne ya tafi ya bar ta don kar ta mutu. Ba wadda ta yarda da ta wata.

Ni ban sa baki ba. Abin da na gani daban ne. A kumatun matar akwai shatin babban yatsa, yana fitowa yana ɓacewa, wani lokaci a nan, wani lokaci ya ɗan gusa. Na san shi. Muna yara a Ambursa mukan ɗebo laka a bakin fadama mu gina 'yan tsana, kuma duk yadda ka shafe sai yatsanka ya fito a jiki. Da na ga haka sai tsoron tsafi ya fita daga raina, wani ya shigo. Ashe mutum ne ya zauna da hankalinsa ya gina wannan baƙin cikin da yatsunsa, ni kuma na ɗauka na miƙa wa 'yar shekara huɗu don in samu in gama kan mutane.

Na hana ta wayar. Ban iya gogewa ba, na ce maigida ya mayar wa mai turin ya cire. Ya ce to. Kullum sai ya ce gobe.

Ana haka ƙanwarsa ta zo daga Argungu, za ta yi kitson biki. Tsakaninmu akwai wasa, tun daga ƙofa ta fara.

"Ina 'yar birni? Matar Yaya, har yanzu ba ki koyi gyaran kihi ba, ko sai na aiko miki da malami?"

"Ke dai shigo, mai ƙarnin tarwaɗa. Sabulu nawa zan ɓata kafin in taɓa kan nan?"

Tana zaune ina tsefe mata kai ta jawo wayata tana latse-latse, ta faɗa kan fim ɗin. Na ce ta kashe, ta ce sai ta gani. Yarinyar tana gidan maƙwabta, sai na ƙyale ta. Kafin a kai ƙarshe tana share hawaye da bakin zane, tana cewa wallahi ko a fim ɗin Indiya ba ta ga so irin wannan ba. Nan take ta tura shi a wayarta.

Da magariba yarinyar ta shigo, ta jawo robarta, ta ajiye a bakin ƙofa. Sai ta juya ta dubi gwaggonta.

"Gwaggo, Baba ya mutu a ruwa ko?"

Na ga fuskar ƙanwar mijina ta sauya. Wasan ya ƙare nan take. Ta ce, "Tohe bakinki. Tohe!" Ta sa yarinyar ta tofa yawu a ƙasa. Sannan ta juyo ta dube ni.

A gidansu ba a wannan furucin ko da wasa. Babban wan maigidana, ɗan farin Inna uwar mijina, ruwa ne ya ci shi yana saurayi, wata shekara da gulbi ya cika ya tumbatsa. Dalilin da ya sa maigidana ya bar kamun kifi ke nan. Na san labarin, amma ban taɓa jin wani ya ɗauko shi a gidan ba.

Na roƙi ƙanwar mijina kar ta faɗa wa Inna. Ta ce to. Amma na san bakinta, ba mugunta ba ce, abu ne ba ya kwana a cikinta. Kwanakin da suka biyo bayan komawarta Argungu ban san yadda na yi su ba. In waya ta yi ƙara sai in ce Inna ce. Na yi wa wata shuku ya karkace sai da na tsefe na sake. Na zuba gishiri sau biyu a miya. Na yi ta lallashin yarinyar ta yarda da wanka, har alewa na saya, don in an kira mu a ga ta warke. Ta ƙi.

Sai ga kiran. Maigida ya shigo ya ce Inna ta ce mu je ran Juma'a, da yaran duka.

A mota na rungume ta a cinya duk hanya, tunda ba wanda ya san mu a ciki. Shinkafa ta yi kore shar a fadama hagu da dama, ruwa na ƙyalli a tsakani, ita kuwa ta cusa fuska a hijabina ba ta son gani. Da muka shiga Argungu na sauke ta daga cinyata, na ce ta riƙe hannun babanta.

Gidan kamar kullum, hayaƙin banda ya cika tsakar gida, gorunan shiga ruwa a jingine a bango, an shanya homar kamun kifi a kan dangan kara. Na durƙusa na gaida Inna. Ta amsa, ta tambayi goyo, ta karɓe shi ta yi masa wasa. Sannan ta miƙa wa yarinyar hannu.

"Taho ƙawata. An ce kin zan 'yar birni, ba ki son ruwa. Mi ruwa ya yi miki?"

Yarinyar ta laɓe a bayana ta riƙe zanena. Na ɓamɓare yatsunta na tura ta gaba, don idanu na kaina.

Bayan an sauko daga masallaci, an ci abinci, Inna ta ce, "Ku kawo muna abin mu gani." Ƙanwar mijina ta jingina wayarta a jikin turmi. Aka kori yara waje. Matan gidan suka taru a tabarma, da matar baffan maigida, da wata amaryar gidan da ba ta daɗe da tarewa ba, da maƙwabta biyu da suka ji labari.

Waɗannan ba su yi kallon shiru ba. Tun da aka nuno jirgin matar baffa ta ce, "Wanga jirgi? Ko kwaɗo ba ya ɗauka. Dubi yadda shika riƙon sanda, dole ruwa ya ci shi." Da mutumin ya dawo yana ɗiga, wata maƙwabciya ta ce ba mijin ba ne, aljanin ruwa ne ya ari kamarsa, kuma laifin matar ne da ba ta nemi malami ba tun zuwan farko. Ɗayar ta ce ina ruwan Turawa da malami. Da ɗan kifin ya leƙo daga aljihu aka yi shewa, matar baffa ta ce, "To aƙalla ya zo da na miya."

Amaryar ta ce a hankali, "Ni in nawa ne, buɗe mishi nikai."

Matar baffa ta ce, "Ke rufe muna baki, kwana nawa kinka yi? Bari ki ga wankin kayan su tukuna."

Ni ina gefe, ban kalli wayar ba. Inna nake kallo. Ba ta yi dariya ba ko sau ɗaya. Tana zaune da carbi a hannu amma ba ta ja. Duk lokacin da mutumin ya tsaya a bakin ƙofa sai in ga ta ɗan sunkuyo gaba. Da aka nuno jirgin nan ba kowa, ta ci gaba da kallon wayar har ta yi baƙi.

Sai ta ce, "Wanda ya gina wanga abu bai taɓa ganin wanda ruwa ya ci ba. Ba su dawowa da kyawon huska hakanga." Ta ajiye carbin a cinya. "Ba su ma dawowa."

A lokacin na tuna ashe ita ma wanda ruwa ya ci ɗan farinta ne. Ko ranar da aka tsamo shi, ban sani ba ko ta samu ta kira sunansa.

Ta gyara zama ta dube ni. Ba faɗa a muryarta, da ma ta yi faɗan da ya fi mini sauƙi.

"Ɗiyag ga ta zamna nan wurina. Ɗiyan gidanga ba su tsoron ruwa, ba su kuma yi ma ubansu mugun baki. Ke ga goyo, ga kan mutane a hannunki. Ba laihinki ba ne, hannu biyu gare ki."

Duk suka juyo. Na san abin da ake jira. Akwai amsar da 'yar mutunci ke bayarwa, na sha ji a bakin mata tun ina ƙarama. Maganar da ke cikina daban, har na buɗe baki. Abin da ya fito shi ne, "Ai taki ce, Inna."

Matar baffa ta ce, "Madalla da ɗiyar mutane. Allah shi yi miki albarka." Aka ce amin. Aka tashi aka koma wurin banda.

Na rasa inda zan sa kaina. Motar komawa sai bayan la'asar. Na ga yarinyar a bakin zaure tana kallon wani ɗan akuya, na ce da ƙarfi yadda kowa zai ji, "Ke, zo nan, wannan kitson ya tsufa, kar ki zauna wa mutane da kai kamar sheƙa." Bai tsufa ba, ban daɗe da yi mata ba. Na zaunar da ita tsakanin gwiwoyina na tsefe shi duka. Na yi mata ƙanana, irin masu cin lokaci, waɗanda ba na yi wa yara don ba sa haƙuri. Ranar ta yi haƙuri. Kanta na jikin cinyata, ina jin ɗumin kunnenta. Na ja shi iya yadda zan iya, har ƙanwar mijina ta zo ta tsaya a kaina ta ce a hankali, ba wasa a ciki, "Matar Yaya, mota za ta tashi."

Na ce wa yarinyar ta ji maganar Inna. Ban waiwaya ba, don ana kallo.

A mota maigida ya ce, "Ni na zaci za ki ce wani abu. Da kin ce, da na kama miki." Na ce shi da ya haife ta me ya hana shi. Ya ce shi ma ai ta fari ce a wurinsa, kuma uwarsa ce.

Yanzu an fara yankan shinkafa. Ƙanwar mijina kan kira ni ta ba ni labari. Wai yarinyar tana wanka da kanta, wai tana bin Inna bakin gulbi wanki, har ta shiga ruwa zuwa gwiwa tana kama 'yan kifi da ƙwarya. Wai ta yi ƙiba. Nakan ce alhamdu lillahi, kuma har zuciyata nake faɗa, sai dai in na ajiye wayar ba na iya zama. In share rumfar da na riga na share. In leƙa titi in ji babur ya taka burki, gabana ya faɗi, sannan in tuna ba ta nan. Na tambaya wa ke mata kitso, aka ce amaryar gidan, wai hannunta da zafi.

Masu kitso kuwa har yau ba su bar zancen fim ɗin ba. Labari ya bazu, wasu ma don shi suke tambaya, a tura musu. Jiya wasu biyu suka kusa ɓatawa a rumfata a kan ko matar wauta ta yi ko amana ta riƙe. Suka ce in raba gardama. Na ce ban sani ba, su miƙe wuya in gama.

Na yanke shawara in an gama girbi zan je Argungu in roƙi Inna ta ba ni ita. Na faɗa wa maigida, ya ce ba zai hana ni ba. Abin da ya rage shi ne ban san da wane baki zan fara ba. Na gwada a ɗaki ni kaɗai, duk yadda na jera maganar sai ta fito kamar ta marar kunya, ko kamar ina cewa riƙon Inna bai yi ba, alhali ya yi. Ba na son in ɓata wa tsohuwar nan rai. Uwata ba zan iya tambayarta ba, cewa za ta yi in yi haƙuri.

Shi ya sa na rubuta wannan, da ɗan karatun da nake da shi. In a cikin masu karantawa akwai macen da ta taɓa zuwa gaban uwar miji ta roƙi ɗan farinta, aka ba ta, kuma aka rabu lafiya, don Allah ta gaya mini yadda ta faɗa.